Buzurwa da danginta: sharhi kan tsohuwar kalmar dogon gashi

Buzurwa tsohuwar kalma ce ta Hausa da ake kiran akuya mai dogon gashi da ita, wato wadda gashinta ba ya kwanciya luf a jikin fata irin na sauran awaki, sai dai ya yi tsawo ya zubo ta haƙarƙari da cinyoyi. A cikin garin Jos a yau da wuya a ji ta a bakin wanda bai manyanta ba, kuma ko a wajen dattawa ma ta fi fitowa daga waɗanda suka taso a gidan kiwo ko suka yi sana'ar fata. Abin da ya sa ta cancanci a tsaya a kanta shi ne ba ita kaɗai take tafe ba. Akwai wasu kalmomi biyu masu kama da ita a lafazi, buzu da buzu-buzu, kuma ukun nan sun raba aiki a tsakaninsu ta yadda kowacce take faɗin abin da sauran biyun ba za su iya faɗa ba. Da buzurwa ta ja baya, buzu kuma ya fara bin sahunta, sai buzu-buzu ta rage ita kaɗai a bakin jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin dacewa da a ɗora mata dukkan nauyin.

Ta fuskar nahawu, buzurwa suna ce, kuma jinsinta mace, don haka ake cewa buzurwa ce, ta haihu, ta yi ƙiba. Abin da take nunawa halitta ce tabbatacciya. Akuyar da aka haifa buzurwa haka za ta rayu, ko an wanke ta ko an bar ta da dauɗa, ko an taje gashin ko an ƙyale shi. Buzu shi ma suna ne, amma na abin da hannun mutum ya sarrafa, wato fatar rago ko ta akuya da aka jeme ba tare da an cire gashinta ba, domin a zauna a kai ko a yi salla. Buzu-buzu kuwa ba suna ba ce sam. Tana cikin rukunin da masana nahawun Hausa suke kira amsa-kama, kalmomin da suke zana kamannin abu ko yanayinsa a kunnen mai sauraro, kuma abin da take zanawa shi ne yadda gashi ya bayyana a ido a wani lokaci, ya yi yawa, ya yi tsawo, ya bazu ba tsari. Gemun da ya yi buzu-buzu da safe yana iya zama gyararre kafin azahar idan mai shi ya biya wajen wanzami, amma buzurwa ba ta tashi daga buzurwa da almakashi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa Bahaushe ya ware wa akuya mai dogon gashi suna nata na kanta, bai yi wa mai gajeren gashi haka ba? Amsar tana cikin irin dabbobin da ƙasar Hausa ta saba da su. Akuyar da ta fi shahara a yankin ita ce jar akuyar Sakkwato, wadda a Jamhuriyar Nijar ake danganta ta da Maraɗi, kuma gashinta gajere ne, mai santsi, kwantacce. Fatarta ce ayarin fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tsawon ƙarnoni, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Doguwar akuyar Sahel ta yankin Borno ita ma gajeren gashi gare ta, haka kuma gajerun awakin da suka yawaita a ƙauyukan Filato da kudancin ƙasa. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasa mai zafi, domin dabba mai ɗan gashi ta fi saurin fitar da zafin jiki, kuma ta fi samun sauƙi a daji. Duk wanda ya taɓa ganin akuya mai dogon gashi ta dawo daga kiwo da kaka ya san wahalar da ake nufi: ƙarangiya ta manne mata tun daga ƙirji har bindi, gashin cinya ya dunƙule da kashi da laka, ƙuma da ƙwarƙwata sun sami maɓoya, kaska kuma ta shige inda ido ba ya kaiwa sai an bi da yatsa. Gajeren gashi shi ne abin da aka saba gani, shi ya sa bai buƙaci suna ba, dogon gashi kuwa baƙon abu ne a garke, kuma abin da ya fita daban shi harshe yake raɗa wa suna.

Ya kamata a lura cewa kalmar tana duban gashi ne, ba zuriya ba. Ilimin dabbobi na zamani, wanda garin Vom da ke kusa da Jos ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyinsa tun 1924, yana rarraba awaki da tumaki bisa iri da asali, ya ce wannan ta Sakkwato ce, wancan Balami ne. Makiyayi da dillali a kara kuwa suna da wata rarrabawar ta daban wadda take tafiya da abin da ido ya gani, launi da ƙaho da kunne da gashi, domin da ita ake kwatanta dabbar da ta ɓata ko wadda ake ciniki a kanta ba ta wurin. Buzurwa a wannan rarrabawa ta biyu take, kuma wanda ya neme ta a jerin sunayen iri ba zai same ta ba.

A ɓangaren tumaki ma haka lamarin yake. Manyan irin tumakin Arewa, wato 'Yankasa da Uda da Balami, duk masu gashi ne, ba masu ulu ba, kuma kalmar ulu kanta aro ce daga Turanci. Tumaki masu ulu a Afirka ta Yamma an fi samun su a yankin Masina a ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani suke saƙa barguna da shi. Abin da ragon 'Yankasa yake da shi shi ne geza, dogon gashin da ke zubowa daga wuya zuwa ƙirji, wanda yake ƙara masa kwarjini a idon mai sayen ragon layya. Geza ba ta sa a kira dabba buzurwa, domin geza a wuri ɗaya take tsayawa, a wuyan rago ko na doki ko na zaki, kuma daga nan ne aka ɗauki sunan aka ba zaren da ake bari yana reto a bakin mayafi ko rawani. Buzurwa jiki duka take nufi. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma shi ne yake nuna cewa masu kalmar ba su yi ta da ka ba.

Buzu shi ne ya fi sauran shiga rayuwar mutane, kuma yadda ake yin sa yana bayyana dalilin da ya sa ya sami suna daban da fata. A jima ta yau da kullum, matakin farko bayan jiƙa fata shi ne raba ta da gashi. Majemi yakan tsoma ta a ruwan toka har saiwar gashin ta saki, sannan ya ɗora ta a kan gungume ya kankare da kartaji, kafin ta shiga ruwan bagaruwa. Mai yin buzu dole ya tsallake wannan mataki, kuma tsallakewar ita ce wahalar aikin, domin yana so cikin fatar ya jemu ya yi laushi, bayanta kuma ya riƙe gashinsa sili-sili. Da zarar an feɗe rago sai a kankare sauran nama da kitsen da ya manne a cikin fatar, a zuba gishiri ko a baje ta a inuwa ta sha iska, saboda idan aka bar ta a dunƙule da danshi ta fara ruɓa, gashin zai riƙa tsigewa da kansa, kuma babu dabarar da za ta mayar da shi. Bayan bagaruwa ta kama cikin fatar, sai a shafa mai, a yi ta murzawa da ja har ta daina ƙara idan an naɗe ta. Buzun da aka yi da kyau yana naɗuwa a hammata ba tare da ya tsage ba, yana hana sanyin ƙasa ratsa mai zama, kuma gashinsa yakan kwanta ta inda gwiwa da goshi suka saba sauka, har a gane buzun da aka daɗe ana salla a kai daga wanda aka ajiye don ado. Maƙiyinsa shi ne asu da danshi, shi ya sa ake rataye shi maimakon a bar shi a ƙasa.

Saboda a kansa malamin zaure yake zama ya ba da karatu, buzu ya wuce shimfiɗa ya zama alamar matsayi. Idan aka ce wane ya gaji buzun mahaifinsa, ba fatar ake nufi ba, makarantar ake nufi da ɗalibanta da nauyin da ke kanta. Almajiri mai tafiya neman karatu ma da buzunsa da allonsa ake saninsa. Akwai wani suna da ake yi wa wannan shimfiɗa, agalemi, wanda ya shigo Hausa daga harshen Abzinawa, inda tushensa yake nufin fata. Shi ma ya tsufa, har ya fi buzurwa ɓuya a kunnen mutanen birni.

Ja da bayan buzu yana da dalilai da kowa yake gani. Sallaya ta masana'anta, wadda alhazai suka riƙa kawowa tsaraba daga Makka kafin ta cika kasuwanni, ta fi sauƙin wanki da ɗauka, ba ta wari da damina, kuma ba ta buƙatar majemi. Masallatai sun koma shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango. Sannan hanyar da fatar layya take bi ta sauya. A mazhabar Malikiyya ba a sayar da komai daga dabbar layya, har da fatarta, kuma ba a biyan mahauci da ita, amma mai layya yana iya amfani da ita ko ya bayar, don haka a da hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa majemi ya mayar da ita buzu ko a miƙa wa malamin unguwa. Yanzu ƙungiyoyin addini suna bi unguwa-unguwa suna karɓar fatun a matsayin gudummawa, kuma ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a nan Jos a 1978, ta yi fice wajen wannan tsari na tara fatun layya don gudanar da ayyukanta. Fatun da aka tara da yawa haka kasuwar fata suke nufa, daga can kuma zuwa masana'antun jima irin na Kano, inda abu na farko da ake yi musu shi ne cire gashi. Babu laifin kowa a cikin wannan, sauyin zamani ne, amma sakamakonsa ga harshe a bayyane yake: yaron da bai taɓa zama a kan fata mai gashi ba, ba shi da abin da zai rataya kalmar a kai.

Buzu-buzu ita ce ta tsira, kuma ginin jikinta yana da ban sha'awa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka a takarda ana ganin kalma ɗaya ce aka maimaita da karan ɗori a tsakani. A baki kuwa kashi biyun ba daidai suke ba. Kashi na farko da karin sama ake faɗarsa, na biyu da karin ƙasa, kuma wasalin ƙarshe na kowane kashi dogo ne. Wannan shi ne tsarin da tsamo-tsamo da jina-jina da dumu-dumu da wujiga-wujiga suke bi, kuma tsari ne da ya saɓa wa al'adar sauran kalmomin Hausa, waɗanda ba kasafai suke ƙarewa da gaɓoɓi biyu masu karin ƙasa da dogon wasali a ƙarshe ba. Idan aka dubi waɗannan 'yan uwa nata za a ga abin da ya haɗa su: duk suna kwatanta jiki ko abu da wani abu ya lulluɓe shi fiye da kima, ruwa ko jini ko dauɗa ko yagewar tufafi. Ke nan tun daga ƙirarta buzu-buzu tana ɗauke da ma'anar wuce gona da iri, kuma kunnen Bahaushe yana jin haka ko da bai taɓa buɗe littafin nahawu ba.

Wurin zamanta a jumla ma ƙayyadadde ne. Tana zuwa bayan sunan da take kwatantawa, a ce wani mutum da gemu buzu-buzu, ko bayan aikatau yi, a ce kansa ya yi buzu-buzu. Ba ta shiga gaban suna da harafin liƙi yadda sifa take yi a dogon gashi ko baƙin gemu. A yawancin amfani kuma akwai ɗan zargi a cikinta. Uwa takan faɗe ta ga yaron da ya ƙi aski, ana faɗarta ga wanda ya fito daga doguwar jinya ko daga tsare, ana faɗarta ga mahaukaci. Ba a yabon amarya da ita. Marubutan da suke son yabon yawan gashi sukan kauce mata su ce gashi ya zubo har gadon baya, ko baƙi ne siɗik mai santsi.

Kusa da ita akwai wasu kalmomin da ake yawan cakuɗa su da ita alhali kowacce da gonarta. Gizo sumar kai ce da aka tara aka ƙi askewa har ta yi tsiri, shi ya sa ake cewa ya tara gizo. Gargasa mutum ne mai yawan gashin jiki, a ƙirji da damtse da ƙwauri, kuma ita ce ta fi kusa da buzurwa a ma'ana domin ita ma halitta take nunawa, ba sakaci ba, sai dai ita ta mutane ce. Ƙasumba ta tsaya a kumatu. Cukurkuɗewa kuwa aikatau ce da take nuna gashi ko zare ya sarƙe da juna, kuma gashi yana iya yin buzu-buzu ba tare da ya cukurkuɗe ba, kamar yadda gajeren gashi yake iya cukurkuɗewa bai kai ga buzu-buzu ba. Wanda ya mayar da waɗannan duka mai gashi bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da bayanin da mai sauraro yake buƙata don ya ga abin da idonsa.

Akwai wani tarko da dole a ambata, wato sunan Buzu na mutane. A tsohon amfani, Hausawa suna kiran masu sarautar Azbin, wani yanki a arewacin Jamhuriyar Nijar, da Abzinawa, sunan Buzu kuma, mai jam'i Buzaye ko Bugaje, ya fi karkata ga rukunin barori da bayin wannan al'umma, kafin daga baya ya faɗaɗa ya game kowa da kowa daga cikinsu. Farin da aka yi a Sahel a shekarun 1973 zuwa 1974, da kuma na 1984 zuwa 1985, ya koro da yawansu zuwa biranen Najeriya, har da Jos, inda aka san su da gadi da dafa shayi. Kamannin lafazi yakan ja mutane su ƙulla labari, su ce ai daga sumar Buzaye aka samo buzu-buzu, ko daga awakinsu aka samo buzurwa. Kamannin sauti shi kaɗai ba hujja ba ne a ilimin asalin kalmomi, in ba haka ba da sai a jawo buzuzu mai mirgina kashi shi ma a sa shi cikin dangi. Illar irin wannan labari ita ce yana manna wa al'umma guda kalmar da take ɗauke da zargin rashin gyara. Akwai kuma haɗari na zahiri ga mai rubutu: mace daga cikin Buzaye Buzuwa ce, kuma harafi ɗaya tak ya raba ta da buzurwa. Mai gyaran rubutu da bai san tsohuwar kalmar ba zai iya ɗauka kuskure ne ya share harafin r, ya mayar da maganar akuya ta koma kan mutum.

Me ya sa kalmar ta fi saurin ɓacewa a wuri irin Jos? Hausar Jos Hausar haɗuwa ce. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan tun farkon ƙarni na 20, daga Kano da Zariya da Bauchi da Katsina da Borno, musamman bayan da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, kuma Hausa ta zama harshen da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauran al'ummomin Filato suke haɗuwa a kai da baƙi da kuma junansu. Harshen da yake irin wannan aiki yakan riƙe kalmomin da kowa zai gane da sauri, ya saki waɗanda sai ɗan gida ko mai sana'a. Leburan kuza da ɗan tireda ba su da buƙatar rarrabe awaki ta gashi, masu kiwon da ke kewayen garin kuma da yawansu Fulani ne masu nasu kalmomin a Fulatanci. Kalma irin buzurwa sai ta koma inda irinta suke komawa, wato bakin tsofaffi da manyan ƙamusoshi irin wanda wani Bature mai suna Bargery ya wallafa a 1934, mai ɗauke da kalmomi kusan 39,000 da aka tattaro a lokacin da kiwo da jima da saƙa suke tsakiyar rayuwar Bahaushe.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da kalmar take ɓacewa, kayan da suke da irin wannan kama sun fi yawa a Jos fiye da kowane zamani. Garin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko zuwa wajen digiri 10, don haka kasuwar kayan sanyi ba ta mutuwa. A layin 'yan gwanjo na kasuwar Katako, idan aka fasa dila da hunturu, abin da yake fitowa ya haɗa da riguna masu gashi a wuya da bakin hula, da barguna masu tsawon zare, da takalman ɗaki, da 'yan tsanar yara, galibinsu na zaren roba da aka ƙera ya yi kama da gashin dabba. Cinikin yakan tafi kamar haka. Mai saye ta ce, "Malam, akwai rigar sanyi ta yara, mai gashi-gashin nan a wuya?" Mai kaya ya ce, "Akwai, Hajiya, mai laushin kike so ko mai dogon gashin?" Idan ya miƙo mata ta jujjuya, ta ga zaren ya kwanta wani wuri ya tashi wani wuri saboda matsin dila, sai ta ce, "Haba Malam, wannan ai duk ta yi buzu-buzu, sai dai ka rage." Shi kuma ya karɓa ya kakkaɓe, ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Wanki ɗaya za ta kwanta, Hajiya."

A wannan 'yar musayar akwai hujjar duk abin da aka faɗa a baya. Mai kaya ba zai taɓa kiran hajarsa buzu-buzu ba, mai saye ce take jawo kalmar don ta karya farashi, wanda yake tabbatar da cewa kalmar kushe ce. Gashi-gashi kuwa, wadda kasuwa ta ƙirƙiro don cike gurbin, ginin Hausa ne tsantsa, irin na ruwa-ruwa da gishiri-gishiri, inda maimaita suna tare da gajarta wasalin ƙarshe yake ba da ma'anar abin da ya yi kama da abu amma bai kai shi ba. A gaskiya ta dace da kayan roba fiye da yadda masu faɗarta suka lura, tunda abin ba gashi ba ne, kama ce kawai. Rauninta shi ne ba ta faɗin tsawo. Tawul mai gashi-gashi ne, karan-miski ma wani zai kira shi haka, haka kuma dardumar falo mai zare tsawon yatsa da ake sayarwa a shagunan da ke kewayen Taminus, alhali a taɓawa babu abin da ya haɗa su. Shi ya sa mai kaya ya sake tambaya, mai laushin ko mai dogon gashin. Abin da Hausar kasuwa ta rasa shi ne kalma guda da take nufin dogon gashi mai zubowa ba tare da kushe ba, kuma wannan shi ne ainihin aikin da buzurwa take yi a garke.

Shin sai a ɗauko ta a liƙa wa darduma? A ganina gaggawa ce. Hausa takan ɗauki sunan jikin dabba ta ba kaya, kamar yadda geza ta tashi daga wuyan doki ta koma bakin mayafi, amma hakan yana yiwuwa ne idan masu magana sun san abin da aka aro daga gare shi. Wanda bai san buzurwa a matsayin akuya ba, idan aka ce masa darduma buzurwa, abin da kunnensa zai kama shi ne buzu-buzu ko Buzuwa, kuma duka biyun sun kai shi inda ba a nufa ba. Ga kaya, darduma mai dogon gashi ta wadatar, kuma babu aibi a cikin kalmomi uku idan sun isar da saƙo.

Inda kalmar take da aiki na gaske a yau shi ne wurin da ta fito, wato maganar dabbobi, musamman ga masu fassara da masu shirye-shiryen noma da kiwo. Akuyar Angora, wadda ta samo sunanta daga tsohon sunan birnin Ankara na Turkiyya, buzurwa ce ta kowace fuska, domin dogon gashinta mai lanƙwasa ya lulluɓe ta duka kuma shi ake sausayewa a saƙa. Mai fassara da ya ce buzurwar Angora, ya ƙara da 'yar jumlar bayani a ambato na farko, ya ba mai sauraro hoto daidai kuma ya dawo da kalmar bakin aiki. Akuyar Kashmir kuwa tana buƙatar taka-tsantsan. A ido ita ma mai dogon gashi ce, amma abin da ake nema a jikinta ba dogon gashin waje ba ne, wani lallausan gashi ne gajere da yake tsirowa a ƙarƙashinsa da sanyi, wanda makiyaya a Sin da Mongoliya suke tajewa idan sanyi ya wuce. Kiranta buzurwa ya kwatanta kamanninta, amma bai bayyana abin da ake saye da tsada ba, don haka dole a ƙara bayani. Ga karnuka da kyanwoyin ƙasashen waje masu dogon gashi, waɗanda ake kiwo a wasu gidajen Jos, ya fi kyau a tsaya ga mai dogon gashi, saboda kalmar ta saba da garke, kuma jan ta zuwa kan kare zai sa makiyayin da ya san ta ya yi dariya. A ƙarshe akwai batun jinsi: tunda kalmar mace ce, ba ta zama kai tsaye a kan bunsuru, don haka idan namijin ake nufi sai a ce bunsuru mai dogon gashi, ko bunsuru irin na buzurwa idan an riga an ambace ta a cikin maganar.